Tarihin adaka, da dalilin da ya sa maharbanmu suka tsaya a kanta

A watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 a garin Uromi na jihar Edo, suna kan hanyarsu daga jihar Ribas zuwa Kano domin yin sallah a gida. Abin da aka ce an samu a motarsu shi ne bindigogin farauta ƙirar gida, irin waɗanda muke kira adaka. Allah ya jiƙansu. Tun lokacin nake neman sanin asalin wannan bindiga, shi ne na ce bari in kawo muku abin da na samu.

Ni a Sabon Ibadan aka haife ni, mahaifina ɗan kasuwar goro ne. Muna da wani dattijo maƙwabci, maharbi ne, tun ina yaro nake zama kusa da shi ina kallon yadda yake ɗura albarushi ta bakin bindiga, ya danna da sanda. Harbi ɗaya take yi, sai an sake ɗuri, shi ya sa wasu ke ce mata harba-ka-ruga. Duk ranar da ya dawo daga daji sai ya wanke cikinta da ruwan zafi, ya busar, ya shafa mai, domin dattin baƙin albarushi yana jawo laima, tsatsa ta cinye ƙarfen.

Turawa suna kiran irin wannan bindiga da sunan mutanen Denmark, saboda suna cikin masu sayar da ita a gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Babban sansaninsu shi ne Christiansborg da ke Accra, kuma a 1850 suka sayar wa Ingila da sansanoninsu suka tafi. Amma bindiga ta riga su shigowa ta hanyar Sahara, domin Mai Idris Alooma na Borno yana da 'yan bindiga da Turkawa suka horar tun ƙarni na 16.

To a can Amurka da Turai abin bai tsaya nan ba. A 1836 Samuel Colt ya yi rajistar libarba, wato ƙaramar bindiga mai tukunya da ke juyawa, a yi harbi biyar ko shida ba tare da sake ɗuri ba. A 1857 kamfanin Smith & Wesson ya fito da libarba mai cin harsashi na kwanson ƙarfe, inda albarushi da dalma da abin tayar da wuta suke haɗe wuri guda. A 1873 Winchester ta fito da doguwar bindigarta mai harsashin .44-40, daga baya Colt ya yi libarba mai cin wannan harsashin, sai ya zama mutum yana riƙe bindiga biyu da harsashi iri ɗaya. Da yake makiyaya da mafarautan Amurka suna nesa da gari, kuma harsashi na da tsada, sai suka riƙa tara kwanson da suka harba suna sake cika shi. Har yau akwai masu wannan al'ada a can. A 1884 kuma wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya ƙirƙiro albarushi marar hayaƙi, wanda ya fi baƙin ƙarfi sosai. Shi ne wanda idan aka zuba a adaka yake fasa ta, ya tafi da yatsu ko ido.

Sababbin bindigogin sun fara shigowa ƙasar nan. A yaƙin Kiriji da aka yi tsakanin Ibadan da Ekitiparapo daga 1877 zuwa 1893, mutanen Ekitiparapo sun samu bindigogin Snider ta hannun 'yan uwansu da ke Legas, abin da ya wahalar da Ibadan ƙwarai. Sai a 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a yarjejeniyar Brussels. Da sunan hana cinikin bayi suka taƙaita sayar da bindigogin zamani a mafi yawan Afirka, suka bar mana masu ƙanƙara da baƙin albarushi. Bayan shekara 13, a 1903, sojojin Lugard suka ci Kano da Sakkwato da bindiga mai sarrafa kanta ta Maxim. Daga nan maƙeranmu suka ci gaba da ƙera abin da aka bari a hannunsu, ɗa ya gada daga uba.

Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta kasa su gida uku. Libarba da bindigogin soja sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Bindigar farauta ta zamani sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Mai ɗuri ta baka irin adaka kuwa, al'amarinta yana hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha.

Saboda haka 'yan uwa, adaka kayan sana'a ce mai tarihi, Yarbawa ma suna da ita, suna ce mata sakabula. Amma zamani ya canza, tsoro ya yi yawa a hanyoyi, wanda bai san tarihin nan ba da ya ga bindiga a hannun baƙo sai ya ɗauka ɗan fashi ne. Babu abin da ya halatta kisan Uromi, ko da babu takarda ko ɗaya a hannunsu hukunci na kotu ne. Duk da haka ina roƙon Sarakunan Hausawa na garuruwanmu su riƙa rubuta sunayen maharbanmu, su taimaka musu wajen neman lasisi, su kuma gabatar da su ga 'yan sanda da shugabannin maharban gari. Duk maharbin da zai yi tafiya ya riƙe takardarsa a aljihu, ya sanar da Sarki kafin ya hau mota.

Allah ya kare mu a zaman da muke yi, ya mayar da matafiyanmu gida lafiya. Wassalam.