Asalin Wasiƙar Shaida a Jami'o'in Amurka

A farkon ƙarni na 20, cin jarrabawar shiga kan wadatar wajen samun gurbi a jami'ar Harvard. Da Yahudawa suka haura kashi 20 cikin 100 na sababbin ɗalibai a 1922, shugabanta Lawrence Lowell ya nemi a ƙayyade adadinsu. Aka ƙi amincewa, sai aka biyo ta bayan gida: a 1926 "hali" ya shiga ma'auni, ana tantance shi ta wasiƙun malamai.

Manufar ta gushe, wasiƙar ta tabbata. Yau ɗalibin ƙetare da malaminsa ya rubuta "yaro ne mai ladabi" kawai ya raunana a takara, ko da sakamakonsa ya yi kyau, domin masu tantancewa misalai suke nema.