Gida Ko Biro: Tsohuwar Muhawara A Maraɗi Da Yarinyar Da Ba A Sa Cikin Lissafi

Tun lokacin annobar korona ake ta kai ruwa rana a Turai da Amurka kan tambaya guda: a ina ma'aikaci ya fi yin aiki mai yawa kuma mai kyau, a ofis ko a gidansa? Muhawarar ta iso mana ta rediyo da wayoyin hannu, har na fara jin matasanmu suna zancen "aiki daga gida" kamar wani sabon kaya da aka sauke daga jirgi. Ni kam abin murmushi yake sa ni. A Maraɗi aikin gida shi ne ɗan gari. Ofis, ko biro kamar yadda bakinmu ya saba, shi ne baƙo, kuma bai fi shekara ɗari da 'yan kai da sauka ba.

Lokacin da sarautar Katsina ta zauna a Maraɗi wajejen 1819 a hannun Ɗan Kasawa, da lokacin da Gobirawa suka kafa Tibiri wajejen 1836, wuraren aiki sanannu ne: gona, kasuwa, fada, sai gida. Maƙeri, masaƙi da baduku duk a zaure ko a ƙofar gida suke sana'a, 'ya'yansu na gefe suna koyo. Noma ma yana da nasa tsari. Akwai ranakun gandu, da kowa ke yi wa maigida aiki yana tsaye a kansa, akwai kuma lokacin gamana, wato 'yar gonar da mace ko saurayi ke noma wa kansa ba mai sa masa ido. Ka tambayi duk dattijon da ya yi zamanin gandu, a wace gona ce hauya ta fi shiga ƙasa, ka ga yadda zai yi dariya kafin ya ba ka amsa. Ashe tambayar da ke damun manyan kamfanonin duniya yau, ko mutum zai yi aiki tsakani da Allah in ba a ganinsa, ta daɗe a bakin Gulbi.

Agogo da albashi Faransawa suka kawo su. A shekarun 1920 Maraɗi ta zama mazaunin kwamandan, kamfanoni irin su CFAO da SCOA suka buɗe kantuna da ma'aunan sayen gyaɗa. Da ambaliyar 1945 ta cinye tsohon gari, aka tashi aka hau tudu, aka yanka tituna miƙaƙƙu, aka ware wa ma'aikatu wurinsu daban da unguwannin jama'a. A farkon shekarun 1940 aka kafa masana'antar matsar man gyaɗa ta Siconiger, sannan bayan samun 'yanci, a 1962, gwamnati ta kafa SONARA don ta riƙe cinikin gyaɗa. Lakwal ita ma, in za mu faɗi gaskiya mu malamai, an gina ta ne don ta horar da yaro zaman biro: ƙararrawa, kiran suna, tebur da kujera, da wani babba a gaba yana kallo.

Daga nan ne kalmar "aiki" ta fara sauya ma'ana a bakinmu. Aka wayi gari in an ce wane yana aiki, ana nufin yana ɗaukar albashi. Matar da ke tashi tun asuba ta kwana a kan kasko kuwa, in yaronta ya zo cike takarda a makaranta aka tambaye shi sana'ar uwa, sai ya ce ba ta yin komai. Na sha ganin haka a takardun ɗalibai, kuma sau da yawa da ribar wannan "ba komai" ɗin aka sayi littafin da ke hannunsa.

Gyaɗa ce ta gwada gida da masana'anta a fili guda. Ita ce kan gaba cikin abin da Nijar ke fitarwa waje har farkon shekarun 1970. Sai fari ya zo a 1973 da 1974, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, manoma suka koma gero da wake, arzikin ƙasa kuma ya koma ga yuraniyom na arewa. SONARA ta yi ta jan ƙafa har ta rushe a ƙarshen shekarun 1980. Masana'antar mai ta sha tsayawa da tashi, daga baya ta koma hannun kamfanin Olga Oil. Amma ba a taɓa wayar gari an rasa man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a kasuwar Litinin ko ta Juma'a ba. Daga cikin gidaje suke fitowa.

Me ya sa? Ba don mace ta fi inji sauri ba. In da awa za a auna, abin da inji zai matse kafin a sha shayi, ita sai ta yi kwanaki. Amma inji ba ya tashi sai an tara masa gyaɗa tan bisa tan, da wuta, da albashin ma'aikata ko an matsa ko ba a matsa ba. Ita kuwa tiya biyar ta ishe ta fara sana'a. Ta soya, ta murje, ta fece, ta aika inji a markaɗa, ta dawo ta zuba ruwan zafi ta juya har mai ya taso. Tunkuzar ta zama ƙuli-ƙuli, ɓawon ya shiga murhu ko ya je ga akuya. Ba hayar shago, ba mai gadi, ba kuɗin mota. Ranar da gyaɗa ta yi tsada sai ta koma ƙosai ko fura, abin da masana'anta ba ta iya yi. Wato in ribar kowace dala da aka zuba ake dubawa, gida ya yi zarra. In kuwa yawan abin da hannu ɗaya ya fitar a awa guda ake dubawa, gida ya sha kaye. Mafi yawan gardamar gida da ofis, har ta Turawan, daga nan take tasowa: kowa da mudun da yake awo da shi.

Sai dai akwai abin da mudun biyu duka suka bari a waje, kuma shi ne dalilin wannan rubutu.

A ƙarnin da ya wuce kulle ya yaɗu a Maraɗi fiye da yadda yake a da, musamman da alhazan gari suka yi arziki, ajiye mata a gida ya zama alamar rufin asiri. Masaniyar tarihi Barbara Cooper ta bi diddigin wannan sauyi a littafinta kan aure a Maraɗi, wanda ya fito a 1997. Kafin ita, Polly Hill ta yi nazari a Batagarawa kusa da Katsina, ta kira hada-hadar matan kulle ɓoyayyen ciniki, domin kasuwa ce sukutum da ba ta da rumfa ko ɗaya. To amma kayan da aka yi a tsakar gida ba su da ƙafa. Dole wani ya sayo gyaɗar, ya kai markaɗe, ya ɗauki tire ya zaga tasha da bakin ma'aikatu, ya dawo da ciniki. Wannan wanin kowa ya san shi: yarinya ce 'yar shekara takwas, goma, sha biyu. Ita ce motar kamfanin, ita ce mai talla, ita ce mai karɓar bashi, kuma ba ta da albashi sai alkawarin kayan ɗaki. Arhar aikin gida da muke yabo, rabinta daga kanta ake cire shi.

Duk malamin firamare ya san alamunta. Takan zo bayan an shiga aji, ko ta yi gyangyaɗi da hantsi, ko a neme ta a rasa ranar kasuwa. Ba na zargin uwayen, domin da yawansu da kuɗin tallan ake cefane. Amma in muna lissafin abin da gida ya samar, sai mu sa darasin da aka rasa a gefen hasara.

Jiratawa ta nuna wata fuskar al'amarin. A farkon shekarun 1980 aka shimfiɗa mata filin noman rani na kimanin hekta 500, da rijiyoyi da famfunan lantarki, ƙarƙashin kulawar ONAHA da ƙungiyar manoma. Nan tsarin biro ya shiga gona: ruwa da layi, kowa da ranarsa, ga kuɗin ruwa da za a biya ƙarshen kaka. Amfani ya ƙaru, zogale da kayan lambu suka cika kasuwar Maraɗi. Amma filayen galibi da sunan magidanta maza aka rubuta su, ga jama'a na ƙaruwa, gona na ƙanƙancewa. Marthe Diarra da Marie Monimart, da suka yi bincike a yankin a shekarun 2000, sun tarar da matan da ba su da gamana ko taki ɗaya, har ana kiran abin kullen gona. Waɗannan mata ba zaɓar aikin gida suka yi ba, gonar ce ta ƙare. Suka koma dafa zogale da ƙananan sana'o'i, tiren kuma ya hau kan 'ya'yansu mata.

Yanzu mu leƙa binciken da masu goyon bayan aiki daga gida suka fi kafa hujja da shi. Nicholas Bloom na jami'ar Stanford da abokan aikinsa sun gwada ma'aikatan amsa waya na kamfanin Ctrip a birnin Shanghai na tsawon wata tara. Waɗanda aka bari a gida sun fi na ofis aiki da kashi 13 cikin ɗari, mafi yawa saboda ƙarancin hutu da fashi, da kuma rashin hayaniya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne sharaɗin shiga gwajin: sai kana da intanet mai ƙarfi da ɗaki naka kai kaɗai. Kuma da aka gama, kusan rabin waɗanda suka zauna gida sun zaɓi komawa ofis, kaɗaici ya ishe su, ƙarin girma ma ya fi zuwa ga waɗanda shugaba ke gani.

Ɗaki naka kai kaɗai! A gidan Bahaushe, inda sallama ba ta yankewa, inda rufe ƙofa da rana kan sa a tambayi ko lafiya? Mu kaɗaici ba ya cikin matsalolinmu, kishiyarsa ce ke damunmu. Malamai sun fi kowa sani, domin rabin aikinmu dama a gida muke yinsa, shirya darasi da gyaran takardun jarrabawa, galibi sai dare ya raba yara sun yi barci. Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 aka ce yara su yi karatu a gida har zuwa farkon Yuni, mun ga wanda ya karanta da wanda aka ɗora wa tire. Da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu a watan Agustan 2023 kuwa, mai kwamfuta a gida ya zauna yana fifita, ma'aikatar da ke da janareto ta ci gaba, mai ƙuli-ƙuli ma sai da kuɗin markaɗe ya taɓa ta.

Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne waya. Akwai matan da ke cikin gida a Maraɗi da Tibiri suna tallata turaren wuta, yaji, atamfa da abinci ta WhatsApp, mai saye ya turo saƙon murya, ɗan kabu-kabu ya kai kaya. Wannan ya ɗauke wa wasu yara tire, kuma abin farin ciki ne. Ya kuma tona wani asiri: ɗan kabu-kabu ba ya tafiya kyauta. Karon farko ke nan da aikin da yarinya ke yi tun zamanin kakanni ya sami farashi da ake ƙirgawa a tafin hannu. Mai sayar da atamfa ko turare tana iya biya ta ga riba. Mai ƙosai da mai kwaɗon zogale, da cinikinsu na dala biyar-biyar ne, in suka cire kuɗin babur ba abin da zai rage, don haka har gobe 'yarsu ce ke fita da ƙarfe bakwai na safe, daidai lokacin da ake share filin makaranta.