Doka da Shelarta a Ƙasar Adar da Gobir Tudu

Duk dokar da hukuma ta kafa tana da farashi biyu: akwai wanda baitulmali ke biya wajen rubuta ta da buga ta da kai ta kunnen jama'a, akwai kuma wanda talaka ke biya da tara da ɗauri da asarar dukiya idan aka yi rowar na farkon. Wanda ya bi tarihin ƙasashen Madawa da Buza da Keita cikin shekara ɗari da 'yan kai da suka shige, zai tarar cewa hukumomi sun sauya, tutoci sun sauya, amma al'adar sauƙaƙa wa baitulmali a ɗora wa ra'iyya ta daɗe ba ta gushe ba.

Malaman usulu sun daɗe da tattauna wannan mas'ala, inda da yawansu suka sharɗanta isar hukunci ga mutum kafin a kama shi da laifin saɓa masa. Saboda haka ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta ta ƙasar Gobir a 1754, bai wadatu da wallafa littattafan Larabci ba, sai da shi da ɗiyarsa Nana Asma'u da almajiransu suka zuba hukunce-hukunce cikin waƙoƙin Fulatanci da Hausa, domin makiyayi da mai daka su haddace. Sarakuna kuwa suna da tasu hanyar, wato sankira, wanda zai tsaya tsakiyar kasuwa ranar da ta cika, a buga ganga, ya faɗi umarnin sarki da ƙarfi, sa'an nan fatake da 'yan ƙauye su kwashi maganar su watsa. Abin da ake kashewa bai wuce riga da 'yan damman hatsi ba, amma kowa ya ji, kuma da harshen da ya sha a nono.

Da Nasara ya zo, aka daidaita iyaka tsakanin Faransa da Ingila da yarjejeniyoyin 1904 da 1906, sai doka ta koma takarda da Faransanci, ana rubuta ta a Paris ko Dakar, ana buga ta cikin jaridar hukuma wadda babu mai ganinta a Adar sai kwamandan da magatakardansa. Daga bakin kwamandan sai tafinta, daga tafinta sai sarki, daga sarki sai dogari, kuma a kowace gaɓa maganar takan ragu ko ta ƙaru gwargwadon maslahar mai ɗauke da ita. A ƙarƙashin dokar 'yan ƙasa da aka soke a 1946, kwamandan yana da ikon ɗaure mutum har kwana 15 ba tare da alƙali ba, bisa laifuffukan da mafi yawan mutane ba su san jerinsu ba sai ranar da gardi ya tsaya musu a ƙofar gida. Lanho da aikin tilas kam kowa ya san su, domin su ba su taɓa ɓata a hanya ba; abin da ke ɓata shi ne sashen dokar da ya iyakance ikon mai karɓa.

Babu inda wannan hasara ta bayyana kamar a sha'anin itace. Dokar daji ta 4 ga Yuli 1935 ta mai da dazuzzukan da aka ce ba su da mai su mallakar hukuma, ta kuma hana saran wasu itatuwa sai da izini, dokar 1974 ta ƙasar Nijar mai 'yanci ta bi sawunta, gawo yana cikin waɗanda aka kare. Manomi bai karanta ko ɗaya ba, abin da ya gani da idonsa shi ne ma'aikacin gandun daji ya iske shi yana sassaƙe reshe a gonarsa ta gado, ya karɓe gatarin, ya yanka masa tara. Daga nan ya yi ijtihadinsa, ya ce itacen da ya girma na gwamnati ne, tsiron da bai girma ba kuwa nasa ne, saboda haka ran sassabe sai ya tumɓuke shi tun yana ƙarami ya ƙone. Haka gonaki suka tsiraita, iska ta samu filin kwasar ƙasa, ruwa ya yage kwazazzabai a gangaren duwatsu, har fari na 1973 da na 1984 suka iske ƙasa ba ta da mayafi.

Gyaran kuwa ya ci dukiya mai yawa. Daga 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya ta ƙasar Buza, da taimakon ƙungiyar CARE, domin tare iska, kuma da itatuwan suka isa sara sai tsohuwar tambaya ta taso, shin na mai gona ne, ko na gari, ko na hukuma. A 1984, shekarar babban taron Maraɗi na yaƙi da hamada, aka buɗe aikin raya ƙasar Keita da kuɗin Italiya da kulawar hukumar FAO, inda mata, waɗanda mazajensu suka tafi cin rani, suka yi ta ɗaukar duwatsu a ka suna jera shinge, suna haƙa ramuka a kan tsauni, ana biyan su da abinci, har aka dasa miliyoyin itatuwa. Amma sassaben zamani, wato barin tsiro a gona ana yi masa aski, ya yaɗu ne sa'ad da manomi ya tabbata ba za a kama shi a kan itacen da ya raina ba. Dokar daji ta 2004 da wadda aka sa wa hannu a 2020 sun zo suna tabbatar da abin da ya kamata a yi shelarsa tun da farko.

Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 ta yi ƙoƙarin kusanto da hukunci, ta daidaita mallakar gado da ta takarda, ta kafa kwamitocin ƙasa, waɗanda daga baya suka sauka har ƙauyuka, domin shaidar saye da jingina da aro da shata burtali. Sai dai galibin waɗannan kwamitoci da kuɗin masu agaji aka girka su, idan aikin ya ƙare sai a rasa man babur da littafin rajista, rikicin manomi da makiyayi a kan ɓarna da ranar sakin gonaki ya koma inda ya fito.

A 23 ga Fabrairu 2011 aka kafa dokar da ta ba kowane ɗan ƙasa haƙƙin ganin takardun hukuma, yau kuma ana samun dokoki da dama a intanet, wannan alheri ne ga lauya da ɗalibi da magatakardan magajin gari. Amma manomin albasa a Sabon Gida ko makiyayi a Ibohaman, ko da salula tana aljihunsa, shafi 40 na Faransanci bai isar masa da komai ba. Tun da kundin mulkin Nijar na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, wajibi ne duk dokar da za a kafa a rubuta kuɗin shelarta a jikinta: fassara zuwa Hausa da Fulatanci da Buzanci, karantawa a rediyon gari, da saƙon murya da za a iya turawa daga waya zuwa waya. Hukumar da ba ta biya wannan ba, ba ta da hujjar karɓar tara.