Gwamnatin Daladier ta 1934: Majalisar Ministocin da Ba Ta Kai Mako Biyu Ba

A farkon shekarar 1934 wata badaƙala ta girgiza Faransa. Wani ɗan damfara mai suna Alexandre Stavisky ya yi ta sayar da takardun bashi na jabu da sunan asusun lamuni na garin Bayonne, kuma manyan 'yan siyasa ne suka ɗaure masa gindi. Ranar 8 ga Janairu aka same shi da harbin bindiga a Chamonix. Fushin jama'a ya ci gwamnatin Camille Chautemps, sai Shugaba Albert Lebrun ya kira Édouard Daladier na jam'iyyar Radikal ya kafa sabuwa.

Ranar 30 ga Janairu Daladier ya fito da ministocinsa. Ya riƙe harkokin waje da kansa, ya ba Eugène Frot harkokin cikin gida, Pierre Cot sojan sama, Henry de Jouvenel kuma ma'aikatar da ke kula da ƙasashen da Faransa ta mallaka, har da Nijar. Don ya lallashi masu ra'ayin mazan jiya, ya damƙa wa Jean Fabry ma'aikatar yaƙi, François Piétri kuma ta kuɗi.

Sai dai yana kuma buƙatar ƙuri'un 'yan gurguzu a majalisa. Saboda haka ranar 3 ga Fabrairu ya tsige shugaban 'yan sandan Paris, Jean Chiappe, wanda 'yan mazan jiya ke so kamar ransu. Nan take Fabry da Piétri suka ajiye aiki, aka maye gurbinsu da Joseph Paul-Boncour da Paul Marchandeau.

Daren 6 ga Fabrairu ƙungiyoyin 'yan ra'ayin riƙau da tsoffin sojoji suka cika dandalin Concorde da ke Paris, suna neman ƙetare gada zuwa majalisa. 'Yan sanda suka buɗe wuta, mutum 15 suka mutu, fiye da dubu suka jikkata. A daren nan majalisa ta kaɗa wa Daladier ƙuri'ar amincewa, amma washegari ya sauka. Ranar 9 ga wata tsohon shugaban ƙasa Gaston Doumergue ya karɓi ragama, da Marshal Pétain a ma'aikatar yaƙi.

Abin takaici shi ne tarzomar titi ta kayar da gwamnatin da wakilan jama'a suka amince da ita. Tsoron maimaituwar haka ya haɗa kan jam'iyyun hagu, har suka ci zaɓen 1936 ƙarƙashin Léon Blum.