Benis: Tarihin Birnin da Mota Ke Tsayawa a Ƙofarsa

Gabatarwa

Iyalin da suka ɗauki hayar mota a arewacin Italiya da nufin yawon hutu, suka kuma nufi birnin Benis, to akwai inda tilas tafiyar mota ta ƙare musu. Bayan sun ƙetare wata doguwar gada mai kusan kilomita 4, za su tarar da wani dandali da ake kira Piazzale Roma, ko kuwa tsibirin Tronchetto, inda aka gina manyan gidajen ajiye motoci. Daga nan sai ƙafa ko jirgin ruwa, domin tsohon birnin ba shi da titin mota ko ɗaya. Wannan maƙala za ta duba yadda ruwa ya zama garkuwar birnin har fiye da shekara dubu, da yadda gadar nan ta sauya shi cikin ƙarni biyu, sa'an nan da alaƙar da ke tsakaninsa da ƙasar Hausa, wadda ba kowa ya san da ita ba.

Kafuwar Birnin

Tsoro ne ya kafa Benis. A ƙarni na 5 da na 6, lokacin da daular Rum ta yamma ta rushe, mayaƙa daga arewa sun yi ta kwararowa cikin Italiya, musamman Lombardawa da suka shigo a shekarar 568. Mutanen garuruwan tudu suka gudu zuwa wasu ƙananan tsibirai na laka da ke cikin wani tafki mai ruwan gishiri a bakin tekun Adiriyatik. Tafkin ya yi wa doki zurfi, ya kuma yi wa babban jirgin yaƙi ƙarancin ruwa, sai wanda ya san mashigansa kaɗai ke iya ratsa shi. Watau abin da ganuwa ta yi wa Kano da Katsina, shi ruwa ya yi wa Benis.

Da yake laka ba ta ɗaukar gini, sai magina suka riƙa kafa dogayen itatuwa dab da juna har su taɓo ƙasa mai tauri, su shimfiɗa katako da dutse a kansu, sa'an nan su ɗora bulo. Itacen da ya nutse cikin laka ba ya samun iska, saboda haka ba ya saurin ruɓewa. Ta haka aka gina birni a kan tsibirai kimanin 118, waɗanda gadoji fiye da 400 suka haɗa.

Mulki da Fatauci

Mutanen da ba su da gona sai su nemi abinci a kan ruwa. Da gishiri da kifi suka fara, daga bisani suka zama dillalai tsakanin Turai da ƙasashen gabas. Shugabansu, wanda suke kira Doje, zaɓensa ake yi, kuma majalisun attajirai sun ɗaure shi ta yadda ba zai mai da sarautar gadon gidansa ba. A shekarar 1204 suka karkatar da rundunar yaƙin 'yan Salibi ta huɗu ta afka wa Ƙusɗanɗiniyya, birnin 'yan'uwansu Kirista, suka sami ganima da tashoshin jiragen ruwa masu yawa. A 1284 suka fara buga kuɗin zinariya mai suna dukat, wanda nauyinsa giram 3.5 bai sauya ba har faɗuwar daular. A 1291 kuma aka tattara maƙeran gilashi aka mai da su tsibirin Murano saboda gudun gobara.

Dangantakarsu da Musulmi ta haɗa ciniki da yaƙi. Jiragensu na zuwa Iskandariyya da Beirut sayen barkono da sauran kayan yaji, sun kuma gwabza da Daular Usmaniyya ta Turkiyya sau da dama, ciki har da yaƙin ruwa na Lepanto a 1571. Amma duk da haka, a 1621 hukuma ta keɓe wa fataken Turkawa wani babban gida a bakin babbar hanyar ruwan birnin domin masauki da ajiyar kaya. Har ila yau, a Benis ne aka fara buga Alƙur'ani cikin haruffan Larabci da na'urar ɗab'i, wajen 1537 zuwa 1538. An daɗe ana zaton bugun ya ɓace gaba ɗaya, sai a 1987 aka gano kwafi guda a wani ɗakin karatu na birnin.

Benis da Ƙasar Hausa

Da Turawan Fotugal suka zagaya Afirka suka isa Indiya a 1498, sai cinikin kayan yaji ya fara kuɓuce wa Benis sannu a hankali. Amma kayan sana'arta sun ci gaba da tafiya nesa. Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, kuma cikin kayan Turai da ya lissafta a kasuwar birnin akwai duwatsun ado na Benis da takarda mai alamar wata uku. Ta Tarabulus da Masar waɗannan kaya ke biyowa, raƙuma su ƙetaro da su Sahara.

Takardar nan ta fi duwatsun muhimmanci ga masu nazarin adabi. A yankunan da ke kewaye da Benis ake yin ta, kuma gidan Galvani na wajen Pordenone na cikin fitattun masu yin ta. Rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa na Larabci da Ajami da aka yi a ƙasar Hausa da Barno a ƙarni na 19 a kanta aka yi su. Idan manazarci ya ɗaga irin wannan takarda ga haske, zai ga jinjirin wata uku a jere, kuma alamar kan taimaka wajen ƙiyasta zamanin da aka kwafi littafi.

Zuwan Gada

Ranar 12 ga Mayu 1797, da rundunar Napoleon ta matso, Doje na ƙarshe, Ludovico Manin, ya sauka, jamhuriyar ta rushe. Birnin ya koma hannun Ostiriya, kuma a zamaninsu ne aka buɗe gadar jirgin ƙasa a 1846, wadda ta haɗa Benis da tudu a karon farko. A 1866 birnin ya shiga cikin ƙasar Italiya. A 1917 aka soma kafa unguwar masana'antu ta Marghera a gaɓar tudu, sa'an nan a 1933, zamanin Mussolini, aka buɗe gadar mota kusa da ta jirgin ƙasa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka sake mata suna zuwa Gadar 'Yanci.

An yi gadar ne domin birnin ya rayu da zamani, amma hanyar da ta shigo da baƙi ita ce ta fitar da 'yan gari. Aiki ya koma tudu, gidajen tudu kuma sun fi araha, ba su da danshi, ga wurin ajiye mota. A 1951 mazauna tsohon birnin sun kai kimanin 175,000. A 2022 sun kasa 50,000. Gidajen da suka bari da yawa sun zama masaukin baƙi, wanda hakan ya ƙara tsadar haya ga waɗanda suka rage.

Ruwa Ya Juya

Masana'antun Marghera sun yi shekaru suna zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa, sai ƙasar birnin ta ƙara nutsewa, ga kuma teku na ƙaruwa. Ranar 4 ga Nuwamba 1966 ambaliya ta kai santimita 194 bisa ma'aunin birnin, wadda ba a taɓa auna irinta ba. Ranar 12 ga Nuwamba 2019 ta sake kaiwa 187. Domin maganin haka aka gina ƙofofin ƙarfe 78 a mashigai uku da suka haɗa tafkin da teku, ana kiransu MOSE, aka kuma fara tare ambaliya da su a watan Oktoba 2020. A 2021 aka hana manyan jiragen ruwa na 'yan yawon buɗe ido ratsa tsakiyar birnin, a 2024 kuma aka fara karɓar Yuro 5 daga baƙon da ya zo yini guda a wasu keɓaɓɓun ranaku.

Kammalawa

Hukumar UNESCO ta sa Benis da tafkinta cikin wuraren tarihi na duniya tun 1987, kuma an kashe dukiya mai yawa wajen kare gine-ginenta. Sai dai ƙofar ƙarfe teku take tarewa, ba ta hana mai gida sayar da gidansa ya ƙaura. Iyalin da suka ajiye motar haya a Piazzale Roma da safe, suka dawo gare ta da yamma, za su ga fadar Doje da majami'ar San Marko yadda suke tun ƙarnuka. Abin da ke raguwa shi ne masunta da maƙera da 'yan makaranta masu magana da karin harshen Benis, waɗanda kakanninsu suka kafa itatuwan da birnin ke tsaye a kansu. Ko birnin zai iya riƙe waɗannan mutane, ita ce tambayar da hukumominsa ba su amsa ba tukuna.