Daga Ina Aka Samo Maganar "Bari Batir Ya Mutu Kafin Ka Sa Caji"?

Na san ka taɓa jin an ce sabuwar waya sai ta yi awa takwas a caji, ko kuma kar ka jona ta sai batir ya mutu murus. To wannan shawara tsohon yayi ce, kuma ta biyun tana rage wa batirinka kwana.

Wayoyin farko da batirin nikel suke aiki. Akwai irinsa da in an saba yi masa caji bai ƙare ba, sai ya riƙa yi kamar ƙarfinsa ya ragu. Shi ya sa ake cewa a bari ya ƙare tukuna.

Na wayarka ta yanzu litiyam ne, tarihinsa daban. A shekarun 1970, lokacin da man fetur ya yi tsada a duniya, Stanley Whittingham ya haɗa na farko a kamfanin Exxon da ke Amurka. Matsalarsa ita ce zallar ƙarfen litiyam ne a ciki, yana iya kamawa da wuta. A 1980 John Goodenough na Jami'ar Oxford a Ingila ya kawo sinadarin kobalt, ƙarfin ya kai bolt 4. A 1985 Akira Yoshino na Japan ya cire zallar litiyam ɗin ya sa kabon a madadinsa, haɗarin ya ragu sosai. Sony ta fitar da shi kasuwa a 1991. Su ukun sun karɓi kyautar Nobel a 2019, Goodenough yana da shekara 97.

Amma haɗarin bai kau gaba ɗaya ba. Ka tuna 2016, da Samsung ta janye Galaxy Note 7 saboda batirinta yana kama wuta.

To me tarihin ya koya maka? Batirin litiyam ba ya son ya kai sifili, ba ya son daɗewa a 100, kuma babban makiyinsa zafi ne. Ka riƙe shi tsakanin 20 da 80 in da hali. Kar ka yi caji a ƙarƙashin filo ko cikin mota a rana. Ka guji caja ta jabu. In ka ga bayan wayar ya kumbura, ka daina jona ta, ka kai wa mai gyara a ranar.

Tura wa wanda har yanzu yake jiran batir ya mutu.