Daga Brussels Zuwa Shanono: Asalin Dokar Bindiga

A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Brussels wadda ta taƙaita shigar da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, ta bar wa mutanen ƙasa bindigar toka. Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta gaji wannan rabo. Ƙaramar bindigar hannu tana cikin haramtattun makamai, sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Bindigar farauta ta zamani tana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda, ita kuwa harba-ka-ruga an bar ta ga Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha.

Shi ya sa a ƙauyukan Shanono, kan iyakar Kano da Katsina, makamin da maharbi ko ɗan sintiri ya saba riƙewa shi ne na kakansa, alhali 'yan bindiga suna ɗauke da AK-47. A 2022 Gwamna Bello Matawalle ya nemi mutanen Zamfara su mallaki bindiga, amma dokar ba ta ba gwamna ikon bayar da lasisi ba. Wannan iko na tarayya ne, don haka nauyin tsaron manomi yana wuyanta.